Rawanin Malam da Igiyar da Ta Rage

Da sunan Allah nake farawa, ina kuma roƙon Ya tsare harshena daga ƙari, don ƙarin da aka riga aka yi ya isa. Ku jikokina, na ji littafin da kawunku Usman ya rubuta wa yaran makaranta a kan shekarar yaƙi. 'Yar'uwarku Safiya ta karanta mini shi daga bango har bango ina tsince wake. Littafi ya yi kyau, zanen ma ya yi kyau. A ciki akwai wani dattijo dogo mai farin gemu da ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar hanya, ya tare mota da ƙirjinsa, ya ƙwato yarinya daga hannun 'yan bindiga. Kowa a garin nan ya san da kakanku Malam ake, ko da yake an ƙara masa tsawo, an kuma mayar masa da gashin kansa. Akwai wata tsohuwa kuma da ta fito sau ɗaya kusa da ƙarshe, tana kuka a bakin ƙofa. Wai ni ce. Na tambayi Usman inda ya samo wannan tsohuwa.

"Yumma, labarin yara na," in ji shi, don da Yumma 'ya'yan ƙasar nan ke kiran uwa. "Dole a gyara shi."

Ban hana a gyara wa yara labari ba. Amma ni ina wurin ranar da abin ya faru, Usman kuwa yana can Gadarif yana layin burodi. Shi ya sa na zaunar da Safiya da alƙalami, ni ina faɗa tana rubutawa. Babu ɗan bindiga ko ɗaya a wurin, kuma abin da ya kusa salwanta a ranar aurena ne.

Sai na fara da al'adar, don ƙananan cikinku ba su gan ta da kyau ba. Ƙauyenmu yana bakin hanyar ƙasa da ke gangarowa daga wajen Rufa'a ta nufi Dinder. Kakanninmu sun taso daga yamma za su Makka, suka tsaya nan su huta su yi noman dawa na damina ɗaya, ga mu har yau ana hutawa. Jinin matafiya ba ya iya kallon matafiyi ya wuce da azumi a bakinsa. Saboda haka duk watan Ramadan mazanmu ba sa shan ruwa a cikin gida. Tabarmi ake shimfiɗawa a bakin hanya, kowane gida ya fito da siniyarsa: tuwon asida da miyar busasshiyar kuɓewa, dafaffen wake da muke kira balila, dabino, da abin shanmu na azumi, abre, mai sanyi a kwano. In rana ta yi ja sai mutum biyu su warware rawani, wannan ya kama baki ɗaya, wancan ya kama ɗayan, su gitta shi a hanya. Duk motar da ta iso sai ta tsaya, fasinja su sauko su sha ruwa su yi Magariba, sannan a naɗe rawani a sallame su. Larabawan Jazira ma haka suke yi, ba mu muka ƙago ba, sai dai in Bahaushe ya ari abu yakan zarce mai shi.

Rawanin Malam ake gittawa tun kafin in haifi Usman, shi da abokinsa Shu'aibu ladan ke riƙewa. A cikin gida Malam mutum ne da akuya za ta ci masa tuwo ya ce ƙila ta fi shi bukata. Amma da zarar ya kama bakin rawanin nan sai ya koma wani mutum dabam. In direba ya yi gardama, sai ya roƙe shi da Allah. In ya ƙi, sai ya roƙe shi da iyayensa. In ya sake ƙi, sai ya jefa masa babbar kalmar mazan ƙasar nan, alayyat-talag, wato in ba a yi abin da ya ce ba matarsa ta saku. Suna faɗin wannan kalma yadda ake faɗin sannu, a kan kofin shayi, a kan wa zai biya kuɗin mota, ba wanda ya taɓa tambayar matar da ake jinginarwa. Yawanci tana aiki, don ba direban da ke son a ce shi ya kashe auren tsoho. Matsalar ita ce limaminmu mutum ne da bai san wasa ba. A wurinsa in rantsuwa ta karye, saki ya auku.

Igiyoyin aure uku ne, kun sani. Ta farko wata motar kasuwa ce ta tafi mini da ita. Birkinta ya mutu tun daga gangare, direba yana ta ɗaga hannu yana ihu a kauce, Malam ya ɗauka gardama ce, ya saki kalmar. Mota ta wuce da rawani a goshinta har Dinder, sai bayan kasuwa biyu aka dawo da shi yana warin albasa. Ina madafa ina tuƙa asida aka aiko yaro ya gaya mini wai an sake ni. Ban ko ajiye muciya ba sai ga Malam a bakin ƙofa, kai ba rawani.

"Na mai da ke," ya ce.

"Daga ina?" na ce.

Ta biyu wata ƙaramar mota ce. Ya rantse kafin ya leƙa, da ya leƙa sai ya ga mace ce a kan gwiwa za a kai ta asibiti. Shi da kansa ya ɗaga rawanin ya ce su yi sauri. Na san daidai ya yi, amma a wannan karon ban yi dariya ba. Na haɗa kayana na tafi gidan yayana a Managil, sai da ya zo biko da sukari da sabon mayafi da fuskar tausayi. Liman ya zaunar da mu ya ce saura ɗaya, in ta tsinke babu kome sai na auri wani, wanin ya mutu ko ya sake ni don kansa. Na duba garin nan kaf, tsohon da ba shi da mata shi ne Shu'aibu ladan, wanda haƙoransa suka riga shi lahira, leɓensa kullum cike da garin taba. Malam ya yi mini alkawari, ya kuma riƙe shi shekaru masu yawa. In ya ji kalmar ta taso masa sai ya cusa gemunsa a baki ya cije har ta koma.

Sai yaƙi ya zo. Da farko a rediyo muke jin sa, sai mutanen Hartum suka cika mana makaranta da jakunkuna, masu digiri suna tambayar yadda ake hura wuta da kara. Daga baya ya gangaro Jazira, aka ce ya shiga Madani, ya shiga Rufa'a. Layin waya ya ɗauke, kowa ya zauna da nasa zullumi. Samarinmu suka watse, don saurayi a bakin hanya a lokacin kaya ne, duk wanda ya ga dama ya ɗauka. Sukari ya ɓace, muka koma zaƙaƙa abre da dabino. Kwalta kuma ta cika da abin da ake kira irtikaz, shingen masu bindiga: su gitta igiya ko su jera ganguna, su sauke mutane, su karɓe waya da zinariya, wani lokaci su riƙe wanda suka so. Don haka manyan motoci suka bar kwalta suka dawo hanyarmu, ɗauke da gadaje da tukwane da mutane a saman kaya. Mu dai labarin irtikaz muke ji, ba mu taɓa ganin ko ɗaya ba, kuma a nan ne wautarmu ta samo asali.

Da aka ga wata, liman ya ce bana kowa ya sha ruwa a gidansa. Malam ya dawo daga masallaci yana huci kamar an zagi uwarsa.

"Malam, bana hwa ba a tare hanya," na ce masa. "Mutane a tsorace suke."

"To ai shi na dalili. Bara masu ƙoshi munka tare, 'yan kasuwa da aljihu cike. Bana da masu yunwa ka wucewa za mu ɓoye cikin ɗaki?"

"Da mi za ka ciyar da su? Leƙa rumbu ka gani."

"Wanda Ya kawo su Shi ka ciyar da su."

"Na ji. Amma ka kama bakinka. Igiya guda ta rage mini, kuma ban da niyyar wanke wa Shu'aibu gwangwanin taba da tsuhwana."

Na yarda ne don gaskiya ya faɗa, kuma irin wannan gaskiyar tasa ce ta sa na dawo daga Managil. Gidaje kaɗan suka bi bayanmu. Tun da babu samarin da za su ɗauki abinci, mu tsofaffin mata muka riƙa kai siniya bakin hanya da kanmu, abin da ba a taɓa yi ba, mu ajiye mu koma gindin darbejiya mu zauna. Liman da ya hana, shi ma sai ga shi kullum a kan tabarma, wai ya zo ya sa ido. Kwanakin farko ba abin da rawani ya kama sai amalanken jaki da wani makiyayi da ya san mu.

Ranar da nake ba ku labari, rana ta kusa faɗuwa sai muka hango ƙura. Babbar lori ce, ta karkace saboda kaya, mutane a sama har kan rufin direba. Malam ya yi tsalle ya miƙe, shi da Shu'aibu suka ja rawani. Shu'aibu yana da ciwon gwiwa, ba ya rabuwa da sanda, kuma da yake hannuwansa biyu na kan rawani, sai ya rataya sandar a baya da tsumma, kanta ya leƙo ta saman kafaɗarsa. Ku tsaya a wurin direban ku duba: ga abu fari an gitta a hanya, ga mutum biyu, ɗaya da dogon abu a kafaɗa. Ya taka birki har gadaje suka yi ƙara. Kafin ƙura ta lafa mutane sun fara zubowa ta baya suna faɗawa cikin gonar kara. Wayoyi suka riƙa tashi sama suna sauka a ciyawa. Wata mata ta zare zobenta ta haɗiye a kan idona. Wani ƙaton mutum da 'yar shara ya kwanta rub da ciki, hannu a ƙeya, yana rantsuwa shi tela ne, tela kawai, ko wandon soja bai taɓa ɗinkawa ba. Malam kuwa murna ta cika shi, bai taɓa kama baƙi masu yawa haka ba, sai ya buɗe murya da Larabci iya ƙarfinsa.

"Ku sauko! Duka ku sauko! Ba wanda zai wuce!"

Daga baya aka gaya mana kalmomin masu irtikaz ke nan, ko wasali bai canza ba. Ni na fara ganewa, na taso da siniya a ka ina kiran ya yi shiru, amma ina, kunnensa ya tafi wurin baƙi. Direba ya sauko hannu a sama, makulli a tafinsa, yana cewa, "Ya ammi, baffana, an riga an karɓe komai a baya, wallahi ba abin da ya rage." Sai a lokacin idonsa ya sauka kan tabarmi, da kwanukan abre, da liman zaune da dabino a hannu yana jiran kiran salla. Ya dubi sandar Shu'aibu da kyau. Kun san in tsoro ya fita daga jikin mutum, fushi ne ke maye gurbinsa. Ya zazzaga wa Malam masifa, ya ce tsofaffin banza sun kusa kashe masa fasinja, ba zai tsaya ko minti ɗaya ba, dole ya shiga Dinder kafin duhu ya yi sosai. Ya juya zai hau mota yana ƙwala wa mutanensa kira.

Na ga kalmar ta taso wa Malam. Na ga ya kai baki zai cafki gemu. To ni da hannuna na rage masa gemun nan ranar jajibirin azumi, don ya fara shiga miya. Ya laluba, haƙori bai samu komai ba.

"Alayyat-talag, motar ga ba ta ƙetare rawanin ga sai duk mai rai da ke cikinta ya sa wani abu a bakinai!"

Ina tsaye da siniya a ka. Shu'aibu ya waiwayo ya dube ni, ya gyara zaman hularsa.

Na sauke siniya a hankali na je wurin direban, na ce masa, ɗana, wannan ita ce ta ƙarshe, biyu sun riga sun tafi. Ɗan ƙasa ne, bai bukaci dogon bayani ba. Ya dube ni, ya dubi Malam, sai dariya ta kama shi har ya zauna a matakalar mota yana share hawaye. Ya ce to a yi maza. Sauran aiki shi ne fito da mutane daga cikin kara, don duk kiran da muka yi ƙara nutsewa suke. Abin da ya fito da su kiran sallar Shu'aibu ne, wanda ya yi yana riƙe da bakin rawani. Wata mata ta ce mini da ta ji wannan murya mai kama da ƙofar langa-langa ta san ba ta mai bindiga ba ce. Suka fito ɗaya bayan ɗaya, ƙaiƙayi a kai, kunya a fuska, suna tsintar wayoyinsu. Suka zauna suka ci. Ban taɓa ganin ci irin wannan ba, ba hayaniya, ba kallon gefe, wasu suna ci hawaye na zuba cikin miya. Wani dattijo ya ce tun da suka bar gida ba wanda ya tsayar da su don ya ba su wani abu. Na ji tausayinsu har cikin ƙashina, na kuma ji kunyar tsoron da muka ba su.

Amma tausayi bai hana ni aikina ba. Na bi layi ina duba bakin kowa ko yana motsi. Jariri na goye na shafa masa dabino a dasashi. Matar da ta haɗiye zobe ta ce ai ita ta riga ta sa wani abu a baki, na ce ƙara da balila, zai taimaka masa ya sami hanya. Akwai kaza a kwando a jikin mota, na tambayi liman, ya ce kaza ma mai rai ce, na watsa mata wake ta tsattsaga. Aka ɗaure rawani a jikin darbejiya da amalanke aka yi Magariba a gurguje. Na fara jin numfashina ya dawo, sai wata fasinja ta jawo ni gefe.

"Ya hajja, akwai yarinya a sama. Ba ta sauko ba, kuma ba za ta ci ba. Mun kai mata, ta ƙi."

Ta ce ba 'yar kowa ba ce a cikinsu. Ita da uwarta suka hau a wajen Rufa'a. A irtikaz na jiya da safe aka sauke uwar, aka ce mota ta wuce. Kafin ta sauka ta ce wa yarinyar ta zauna a inda take, kada ta karɓi komai daga hannun masu tare hanya, tana zuwa.

Hawa lori da shekaruna da jikina ba abin da zan so a zana a littafi ba ne. Mata biyu suna ja daga sama, telan nan yana turawa daga ƙasa yana neman gafarar Allah da tawa. Na same ta a lungu tsakanin gado da buhun gawayi, 'yar abin da ba ta wuce shekara shida ba, leɓe a bushe, ta rungume takalmin roba na babbar mace, ƙafa ɗaya. Sunanta Amna. E, Amnarku da kuke faɗa da ita a kan wanke-wanke. Na zauna na miƙa mata dabino, na ce ni habbobarta ce, kakarta. Da Larabci muka yi, ni nake mayar muku.

"Ku ne kuka tare hanya," ta ce.

"Mu masu abinci ne, 'yata. Ba irin waɗancan ba ne."

"Mama ta ce duk wanda ya tare hanya."

Na yi lallashi, na yi wasa, na ci rabin dabino a gabanta ina lumshe ido. Ko kallo bai ishe ta ba. Direba ya fara danna ham, fasinja sun hau, duhu yana sauka, kuma tsoronsa na hanya gaskiya ne. Liman ya ɗaga murya daga ƙasa ya ce a toshe mata hanci kawai a saka mata, ko ɗan mitsitsi ya wadatar. Don aurena na hau motar nan, har na ɗaga hannu. Tana ganin hannuna ya tashi sai ta dunƙule, ta ɗora hannuwanta biyu a ƙeya, daidai yadda telan ya yi ɗazu. A wurin tela abin ya ba ni dariya. A wurinta ban ga abin dariya ba. Na mayar da hannuna, na leƙa ta saman katako. Malam yana tsaye a gaban mota, ya sake kama bakin rawaninsa, ya ɗago kai yana jira.

"Naɗe rawaninka, Malam. Ɗiyar mutane ba ta cin dole don aurenmu."

"Kulu," ya ce. Bai taɓa kiran sunana a gaban mutane ba.

"Naɗe. Ni na bi su Dinder, in ga inda za a ajiye ta. Dama in mota ta wuce ban da ɗaki a garin ga."

Na faɗa da ƙarfi kamar ba komai, amma zuciyata ta karye. Sama da shekara arba'in ina yi wa mutumin nan faɗa, ban san wa zan yi wa ba in babu shi. Na ce wa direba ya tayar. Injin ya kama, fitilu suka haska. Sai na ji Malam yana tambayar liman da ihu: in mota tana tafiya amma rawani yana gabanta, ta ƙetare shi? Liman ya shafa gemu, ya ce matuƙar hancinta bai wuce rawani ba, rantsuwa tana nan da ranta.

"Shu'aibu, tashi!" in ji Malam.

Haka tsofaffi biyu suka kama hanyar Dinder da sassarfa, rawani a miƙe tsakaninsu, lori tana binsu a baya a giyar farko. Ba abin da ke cikinsu sai dabino da kurɓin abre. Direba ya leƙo yana zagi yana dariya, amma bai ƙara wuta ba, Allah Ya saka masa. Fasinja suka miƙe a kan kaya suna tafi suna ba su ƙarfi. Takalmin Malam ya fita ɗaya, ya bar shi. Sandar Shu'aibu tana dukan ƙeyarsa a kowane taku, gwiwa ta fara ba shi kashi, ɓangarensa na rawani ya riƙa ja da baya har ya kusa taɓa ƙarfen gaban mota.

"Da gangan kaka jan ƙahwa!" in ji Malam yana haki. "So kaka ka gaje ni!"

"Ni? Ni da ban iya ciyar da akuya! Wallahi ko da kuɗi anka haɗa min ita ban so!"

Wannan maganar na ajiye ta, mun yi ta da Shu'aibu bayan salla. A lokacin dai hankalina yana kan Amna, don hayaniyar ta sa ta rarrafo ta leƙa ta tsakanin katako. Fitila ta haska sanƙon Malam yana ƙyalli, rigarsa tana harɗe masa ƙafa.

"Me ya sa suke gudu?"

"Don kada mu wuce su."

"Mu ne muke korar su?"

"Mu ne."

Ta daɗe tana kallo. "Masu tare hanya ba sa gudu," ta ce. "Mu ne muke gudu."

"To kin gani."

"Mai sanƙon nan zai faɗi."

"Zai faɗi. Mijina ne, ba shi da wayo. Ya ce ba zai tsaya ba sai kin ci."

Ta dubi Malam, ta dubi hannuna. Ban matsa ba, tafina dai yana buɗe a kan gwiwata. Ta sa yatsu biyu ta ɗauki dabinon, ta gutsuri rabi ta tauna, ɗaya rabin ta saka a cikin takalmin ta ce na Mama ne. Na daki rufin direba da duka hannuwana ina ihu ta ci, ta ci. Mata suka ɗauki guɗa, mota ta tsaya. Malam ya zube zaune a tsakiyar hanya, ya rufe fuska da rawani, kafaɗunsa suna rawa. Ya ce wai haki ne.

Direba ya ce shi daga Dinder gaba zai yi, bai san inda zai kai yarinya ba. Na ce mata, in ta bi motar nan Mama ba za ta san inda ta nufa ba, amma duk motar da ta taso daga wajensu ta nan take bi, kuma ga mai tsayar da su can zaune a ƙasa. Ta yi tunani irin na manya, sannan ta yarda aka sauko da mu, ita da sauƙi, ni da taimakon tela. Ta taka har gaban Malam da takalminta a ƙirji.

"Kowace mota za ka tsayar?"

"Kowace."

"Ko ba azumi?"

Na ga ya cika ƙirji, na ga kalmar nan ta sake tasowa. Sauran dabino ɗaya a hannuna, na cusa masa a baki. Ya tauna, ya haɗiye, ya dube ta ya ce, "In Allah Ya so, ɗiyata. Ko ba azumi."

Igiyata tana nan, guda ɗaya, ita nake riƙe da ita har yau. Malam kuma ya cika maganarsa ba tare da ya jingina kowa ba. Ya tsayar da motoci har ƙarshen watan, ya tsayar bayan salla, sai dai ya koyi ɗaga hannu daga nesa da kwanon ruwa, Shu'aibu kuma aka raba shi da rataya sanda. Kowace mota Amna tana gefensa, yana tambaya ko an ga mace mai kama kaza da aka sauke a hanyar Rufa'a. Da yaƙi ya iso mu muka hau lori mu ma, da ita a cinyata, da muka dawo ya koma bakin aikinsa. Wasu sun ce sun ji labari, wasu sun ce ba su ji ba, ba wanda ya kawo ta. Amna ta daina fita bakin hanya tun bara, ta ce mini ta gane. Malam ne har yau bai gane ba. In ya ji ƙarar lori daga wajen Rufa'a, ko yana tsakiyar cin abinci, sai ya miƙe yana laluben takalminsa.